Kujera ɗaya tak: zaɓen cike gurbi na 1934 da mutanen Zangon Wagadugu

Ranar 11 ga Mayu 1934 Blaise Diagne ya rasu a Cambo-les-Bains, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa inda ake kai masu ciwon ƙirji jinya. Ya yi shekara 20 cur yana zaune a majalisar dokoki ta Faris. Rasuwarsa ta bar gurbi, doka kuma ta ce a cike shi, sai aka sa zaɓe a watan Yuli na wannan shekara. A Ingila ko a cikin ƙasar Faransa kanta, zaɓen cike gurbi abu ne da ake yi a kai a kai: ɗan majalisa ya mutu ko ya ajiye aiki, a zaɓi wani. Wannan kuwa dabam yake, domin kujerar da Diagne ya bari ita kaɗai ce duk Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa take da ita a majalisar. Daga bakin teku a Dakar har gaɓar tafkin Chadi, mutum wajen miliyan 15, wakilinsu ɗaya ne.

Ko shi ɗin ma ba su suka zaɓe shi ba. Ƙuri'a ta mazan garuruwa huɗu ce na Senegal: Saint-Louis, Gorée, Rufisque da Dakar. Wanda aka haifa a waɗannan garuruwa ɗan ƙasar Faransa ne a idon doka. Kowa banda su talakan Faransa ne, a mulke shi, a karɓi harajinsa, ba a tambayarsa ra'ayi. A ƙidayar 1936, baƙar fatar da ke da matsayin ɗan ƙasa a duk yankin sun kai kimanin 80,000, kuma wajen 78,000 daga cikinsu 'yan Senegal ne. Sauran ƙasashen gaba ɗaya, da Nijar da Sudan ta Faransa da Gini da Dahomey da Kwaddibuwa da ƙasar Mosi, abin da suka tara bai wuce mutum 2,000 da 'yan kai ba.

Hausawan Zangon Wagadugu suna cikin waɗancan miliyoyi da ba su da ƙuri'a. Unguwarsu, wadda Mosawa ke kira Zangouettin, ta girmi mulkin Nasara. Hanyar Gwanja ce ta haife ta. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, su nufi Salaga inda goro yake. Ayari ba ya tafiya sai da wurin sauka. Madugu ya san gidan da zai kai mutanensa, maigida ya san ɗakin da zai zuba kaya da inda za a ɗaure dabbobi, shi ne dillali, shi ne mai tsaya wa baƙo idan ciniki ya rikice, shi ne kuma mai kai gaisuwa fadar Mogho Naba, sarkin Mosi, domin a bar ayari ya wuce lafiya. Wasu fataken suka yi aure suka zauna, malamai suka buɗe makarantun allo, mahauta da wanzamai suka kafa sana'a. Mutane ne da suka saba zama ƙarƙashin sarkin da ba nasu ba, suka kuma iya lallaɓa shi. Da hafsan Faransa Voulet ya shiga Wagadugu da sojojinsa a 1896, Mogho Naba Wobgo ya fice daga garin, sai mutanen Zango suka sami kansu ƙarƙashin wani irin mai iko wanda gaisuwa ba ta sauko da shi.

Dokar da ake mulkin talaka da ita ta ba kumandan, Baturen da ke mulkin gunduma, ikon ya ɗaure mutum har kwana 15 ko ya ci shi tara, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Jinkirin biyan lanho, wato haraji, laifi ne, ƙin fita aikin hanya laifi ne, abin da kumandan ya ga rashin ladabi ne shi ma laifi ne. Attajirin da ya yi Kumasi ya yi Kano, mai dukiyar da ta fi ta wani ɗan kwale-kwalen Saint-Louis nesa ba kusa ba, gardi zai iya tasa ƙeyarsa daga rumfarsa zuwa gidan kaso. Shi kuwa ɗan kwale-kwalen, ba mai taɓa shi sai ta kotu, kuma duk shekara huɗu masu neman kujera sai sun zo har bakin ruwa sun roƙe shi.

Diagne ɗan Gorée ne, an haife shi a 1872, ya yi aikin kwastan a ƙasashe da dama na mulkin Faransa kafin ya dawo gida ya tsaya takara a 1914. Kafin shi kujerar tana yawo ne tsakanin Turawa da manyan gidajen ruwa biyu na Saint-Louis, kuma mai riƙe da ita a lokacin François Carpot ne. Matasa masu ilimin boko suka tsaya wa Diagne, Lebu masu Dakar da ake ƙwace wa filaye suka tsaya masa, Muridai almajiran Shehu Ahmadu Bamba suka taimaka da kuɗi. Cikin waɗanda suka fi yi masa hidima akwai Galandou Diouf, ɗan Saint-Louis, musulmi, wanda tun 1909 yake wakiltar Rufisque a majalisar Senegal. Diagne ya ci a zagaye na biyu, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Cikin shekara biyu ya biya waɗanda suka zaɓe shi: dokokin 1915 da 1916 suka tabbatar wa 'yan garuruwan huɗu da zuri'arsu matsayin 'yan ƙasa, bisa sharaɗin su yi aikin soja kamar kowane Bafaranshe.

A 1918 ne aka fara ganin wanda zai ɗauki nauyin wannan ciniki. Firaministan Faransa Clemenceau yana neman sojoji ido rufe. Gwamna janar Joost van Vollenhoven ya ce ƙasa ta gaji, a daina ɗiba, domin ba a daɗe da kashe wutar yaƙin Volta da Bani ba, boren 1915 zuwa 1916 da ya tashi a yammacin ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, wanda ɗibar soja ce ta haddasa shi, aka kuma murƙushe shi da igwa da ƙona garuruwa. Clemenceau ya ƙi saurara, ya naɗa Diagne babban wakilin gwamnati kan ɗibar soja, da matsayin da bai gaza na gwamna janar ba. Van Vollenhoven ya ajiye aiki ya koma fagen fama, inda aka kashe shi a watan Yuli. Diagne ya zaga da rakiyar hafsoshi baƙar fata masu lambobin yabo, yana yi wa sarakuna alkawarin girma, yana yi wa samari alkawarin sauƙin haraji da hanyar zama 'yan ƙasa. Ya tara mutum wajen 63,000 a Afirka ta Yamma ba tare da wani babban bore ba. Kaso mai tsoka ya fito ne daga cikin ƙasa, nesa da teku, inda ƙasar Mosi mai yawan jama'a take. Waɗanda suka dawo da rai, kaɗan ne ƙwarai suka ga takardar zama ɗan ƙasa.

Ranar 1 ga Maris 1919 aka yanke sabuwar ƙasar mulki mai suna Haute-Volta, Wagadugu ta zama babban birninta, Édouard Hesling ya zama gwamna. Ga mutanen Zango abin ya zo da riba da farko. Ofisoshi sun zo, ma'aikata masu albashi sun zo, kasuwa ta cika. Hesling ya gina gari da tubalin laka, ya shimfiɗa dubban kilomita na hanyoyi, duk da hannun mutanen da ba a biyansu. Daga 1924 ya tilasta noman auduga: kowane ƙauye da gonar kumandan, a noma, a tsince, a ɗauko a ka zuwa wurin awo, a sayar wa kamfanonin Turawa a farashin da gwamnati ta yanka, wanda bai kai abin da masaƙan gida ke biya ba. Aikin soja na shekara uku ya zama doka ta dindindin tun 1919, a 1926 kuma aka ƙara da cewa waɗanda ba a ɗauka soja ba za a iya tura su aikin gine-ginen gwamnati. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 3, Faransawa suka riƙa kallonta a matsayin rumbun 'yan ƙwadago.

A can Senegal kuwa siyasa ta yi zafi, goyon baya yana ta sauya hannu. Zaɓen 1919 shi ne ƙololuwar Diagne. Ya kayar da Carpot warwas, mutanensa suka kwashe majalisun garuruwan huɗu, Diouf ya zama magajin garin Rufisque. Manyan kamfanonin Bordeaux masu riƙe da cinikin gyaɗa, irin su Maurel et Prom, waɗanda suka yaƙe shi a 1914, suka ga ba su iya kayar da shi, sai suka nemi sulhu. A 1923 aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira ta Bordeaux: su daina adawa da shi, shi kuma ya daina taɓa cinikinsu. A zaɓen 1924 ya kayar da lauya Paul Defferre cikin sauƙi, amma waɗanda suka zaɓe shi a wannan karo ba su ne na 1914 ba. Kamfanoni da ofishin gwamna sun shigo, matasa sun fara fita. A wannan shekara jaridar Les Continents ta Faris, inda René Maran yake rubutu, ta zarge shi da karɓar lada kan kowane sojan da ya ɗiba. Ya kai ƙara ya yi nasara a kotu, amma maganar ta riga ta shiga kunnuwa. Lamine Guèye, matashin da ya sami digirin dakta a fannin shari'a a 1921, ya raba gari da shi, ya ci magajin garin Saint-Louis a 1925. A 1928 Diouf da kansa, tsohon na hannun dama, ya fito ya ƙalubalance shi, Guèye yana mara masa baya. Diagne ya tsira, 'yan adawa suka yi kukan maguɗi. Shehu Anta Mbacke, attajirin Muridai kuma ɗan'uwan Ahmadu Bamba, wanda ya goyi bayan Diouf, aka kore shi zuwa Segu a 1930.

A 1930 ɗin ne Diagne ya yi abin da, a ganina, ya fi komai nauyi a tarihinsa idan aka dube shi daga Wagadugu. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta yi taro a Janeba domin kafa yarjejeniyar hana aikin tilas. Faransa ba ta so, ta kuma rasa bakin da ya fi dacewa ya kare ta sai na baƙar fatar da ke majalisarta. Diagne ya je ya kare tsarin. Ba na cewa mutumin bai yi wa jama'arsa aiki ba. Ya yi, kuma ƙofar da ya buɗe a 1914 ba ta sake rufuwa ba. Amma waɗanda suka zaɓe shi doka ta keɓe su daga aikin tilas, waɗanda ake yi wa aikin tilas kuma ba su da ƙuri'ar da za su hukunta shi da ita. Ya san wannan sarai. A farkon 1931 aka ba shi muƙamin ƙaramin minista a ma'aikatar ƙasashen mulki cikin gwamnatin Pierre Laval, ya riƙe har Fabrairun 1932, a watan Mayu kuma ya sake kayar da Diouf.

Kafin nan kasuwar duniya ta karye. Farashin gyaɗa ya faɗi, na auduga ya faɗi, haraji kuwa yana nan inda yake. Samarin Mosi suka ƙara yawan abin da suka daɗe suna yi: su bi tsohuwar hanyar goro su gangara Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda Ingilishi ke biyan lada da sule a gonakin koko da ramukan zinariya, ba kuma gardi mai bulala. Nan Zango yake da hannu dumu-dumu cikin tarihin. Hanyar da samarin ke bi ta fatake ce, ta Po ko ta Tenkodogo zuwa Bawku da Tamale har Kumasi. Wurin saukarsu zangunan Hausawa ne, harshen da suke neman aiki da shi a kudu sau da yawa Hausa ce, kuma shanu da tumakin da ake korawa Kumasi a dawo da goro suna bin sawu ɗaya da su. Bafataken Wagadugu da ke da maigida a Kumasi ya fi kumandan sanin yawan mutanen da suka tsere a kowace kaka. Masu gonakin Turawa a Kwaddibuwa suna kukan rashin ma'aikata, masu aikin dogon jirgi daga Abijan suna kuka, ga kuma sabon aikin noman rani na Office du Niger da aka kafa a 1932 yana neman hannu.

Maganin da Faris ta samo shi ne ta shafe ƙasar. Ranar 5 ga Satumba 1932, zamanin minista Albert Sarraut, aka sa hannu a takardar da ta rushe Haute-Volta. Aka ba Kwaddibuwa Wagadugu da Bobo-Dioulasso da mafi yawan jama'a, aka ba Sudan Ouahigouya, aka ba Nijar Dori da Fada N'Gourma. An raba ƙasar kamar yadda mahauta ke watanda, kowa da kasonsa, ba wanda ya tambayi mutum ɗaya daga cikin miliyan 3 ɗin. Wagadugu ta tashi daga babban birni ta koma garin kumandan da ke karɓar umarni daga bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ma'aikata suka kwashe, ciniki ya ja baya. Dogon jirgi ya iso Bobo-Dioulasso a 1934 ya tsaya nan, bai ƙarasa Wagadugu ba sai 1954, kuma babban kayan da yake saukarwa kudu mutane ne.

Cikin wannan hali labarin rasuwar Diagne ya zo. A Dakar, da aka kawo gawarsa, malamai suka ƙi a binne shi cikin maƙabartar musulmi saboda kasancewarsa ɗan ƙungiyar Firimasin, aka binne shi a bakin ƙofar maƙabartar Soumbédioune. Daga nan aka shiga neman magaji. Mutum biyun da suka haɗa kai a 1928 su ne suka fuskanci juna. Diouf yana da shekara 58, tsohon soja ne da ya yi yaƙin 1914, mai magana da Wolof irin ta kasuwa, wanda ya sha kaye sau biyu ya kuma sha matsin gwamnati bai bar gida ba. Guèye yana da shekara 42, ya fi shi ilimi nesa, amma tun 1931 yana tsibirin Réunion yana aikin alƙali, sai da kujera ta faɗi ya dawo. Mutanen Diagne da suka zama marayu suka rarrabu, kowane ɓangare yana zawarcinsu. Jam'iyyun wancan zamani ba su da katin shiga ko ofis a kowace unguwa. Jam'iyya ita ce mutum da jaridarsa da dattawan unguwanni da shehunan ɗariƙa da ke bayansa. Shehunan Muridai da na Tijjaniyya mafi yawan almajiransu manoman gyaɗa ne a karkara marasa ƙuri'a, amma kuɗinsu da kalmarsu suna isa cikin gari, shi ya sa babu ɗan takarar da ya isa ya raina su. Wannan ita ce ƙaramar kafar da talakan Senegal yake samun shigar da kukansa, kafar da talakan Wagadugu ba shi da ita.

Aka jefa ƙuri'a a ƙarshen Yuli, Diouf ya ci. Duka ƙuri'un da aka ƙirga ba su kai 15,000 ba. Masu zaɓe sun saka wa wanda ya zauna da su cikin wahala, sun kuma nuna sun gaji da siyasar shekara goman da ta wuce. Sakamakon ya taɓa rayuwar mutane nan da nan: a zaɓen majalisun gari na 1935 mutanen Diouf suka karɓe iko, abokinsa Bafaranshe Alfred Goux ya zama magajin garin Dakar.

Amfanin zaɓen cike gurbi, inda ake yinsa da gaske, shi ne yana ba jama'a damar tsawata wa gwamnati tsakanin manyan zaɓuka. A Oktoban 1922 sakamakon Newport a Birtaniya ya ƙarfafa 'yan jam'iyyar Conservative suka janye daga gwamnatin haɗin gwiwa, firaminista Lloyd George ya faɗi cikin kwanaki. A Oktoban 1933, wata tara kafin zaɓen Senegal, John Wilmot na jam'iyyar Labour ya ci kujerar East Fulham a Landan, ya juya ratar ƙuri'a fiye da 14,000 ta zama rinjayen kusan 5,000 a gare shi, kuma bayan shekara uku firaminista Stanley Baldwin da bakinsa ya ambaci wannan zaɓe cikin dalilan da suka sa ya yi taka-tsantsan wajen ƙera makamai. Unguwa ɗaya ta Landan ta sa gwamnatin daula ta sake lissafi. Zaɓen Senegal na 1934 ya sauya masu riƙe da garuruwa huɗu, amma ko kwana ɗaya bai rage daga aikin tilas na ƙasar Mosi ba, domin babu ɗan takarar da yake buƙatar ƙuri'ar Bamoshe ko ta Bahaushen Zango.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙarfin kujerar a kan mai zama bisanta. Kafin shekara biyu Diouf, ɗan adawar jiya, ya daidaita da ofishin gwamna da kamfanoni. Guèye ya kafa jam'iyyar gurguzu ta Senegal a 1935, wadda ake lissafawa cikin jam'iyyun zamani na farko a Afirka ta Faransa, ya jingina da haɗakar masu ra'ayin sauyi da ke tasowa a Faris. A zaɓen 1936 Diouf ya sake kayar da shi, a daidai lokacin da abokan Guèye suka ci Faransa, Léon Blum ya kafa gwamnati. Wanda ya faɗi a Dakar sai ga shi da kunnen minista Marius Moutet da na sabon gwamna janar Marcel de Coppet. Ɗan sauƙin da talakawa suka gani ya zo ta wannan hanya: a 1937 Faransa ta amince da yarjejeniyar Janeba da Diagne ya yaƙa, aka kuma halatta ƙungiyoyin ƙwadago ga masu ilimin boko. Ɗibar ma'aikata daga ƙasar Mosi ta ragu a takarda, a ƙauyuka kuwa sarakunan gunduma suna ci gaba da cika adadin da aka yanka musu.

Ɗan'uwan Bahaushen Zango da ke Kano ko Zariya bai fi shi ba ta wannan fuska. Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya ba Nijeriya majalisa mai mutum 46, huɗu kawai ake zaɓa, uku a Ikko ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara yake jefa ƙuri'a. Majalisar ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi da sa hannunsa. Jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay ta kwashe kujerun Ikko a 1923 da 1928 da 1933, har ta saba da gwamnati kamar yadda Diagne ya saba, sai matasan ƙungiyar NYM suka share ta a 1938. Su ma zaɓen cike gurbi ne ya ci su. Da Kofo Abayomi ya bar kujerarsa, aka yi takara a 1941 tsakanin Ernest Ikoli da Samuel Akisanya, duka 'yan NYM. Obafemi Awolowo ya bi Ikoli, Nnamdi Azikiwe ya bi Akisanya. Ikoli ya ci, Azikiwe ya fice da mutanensa, kuma tsagin da aka yi a wannan shekara ya daɗe yana bin siyasar Nijeriya.

A Wagadugu wanda ya ɗauki kukan ƙasa shi ne Mogho Naba Koom na biyu, wanda ya yi sarauta daga 1905 zuwa 1942. Makaminsa takardar koke ce da roƙon duk babban jami'in da ya ratso garin. Shi ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne, domin ta hannun sarakunansa ake ɗibar mutane, amma rushe ƙasar ya taɓa darajar gidansa, ya kuma ga jama'arsa na ƙarewa a gonakin wasu. Abin da ya samu kaɗan ne: a 1937 aka ware arewacin Kwaddibuwa a matsayin yanki mai babban jami'insa a Wagadugu. Ɗansa Saaga na biyu ya gaji sarautar da koken tare, ya kuma gaji darasin shekarun nan, cewa wanda ba shi da mutum a majalisar Faris sai dai a yanke masa hukunci yana gida.

Saboda haka da aka buɗe ƙofa bayan yaƙi na biyu, fadar ba ta yi jinkiri ba. A zaɓen Oktoban 1945 aka ba talakawan Kwaddibuwa, har da ƙasar Mosi, kujera ɗaya, ko da yake masu ƙuri'ar 'yan kaɗan ne: sarakuna, tsofaffin soja, ma'aikata, masu takardar makaranta da 'yan kasuwa masu lasisi. Mogho Naba ya tsayar da ɗaya daga cikin manyan fadawansa, Baloum Naba, ya kara da Félix Houphouët-Boigny, shugaban manoman koko baƙar fata. Sai da aka je zagaye na biyu a Nuwamba Houphouët ya ci, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba, kuma goyon bayan Ouezzin Coulibaly da mutanen yankin Bobo ya taimake shi ƙwarai. Cikin wata shida aka ga abin da kujera ke iya yi idan masu shan wahala suna cikin masu zaɓe. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët ta haramta aikin tilas. Ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye, wanda a ƙarshe ya hau kujerar da ta kuɓuce masa sau biyu, ta mai da duk talakawan ƙasashen mulki 'yan ƙasa. Galandou Diouf bai ga wannan ba, ya rasu a Faransa a 1941.

Ranar 4 ga Satumba 1947 majalisar Faris ta mayar da Haute-Volta kan iyakokinta na 1932. Sabuwar ƙasar tana buƙatar wakilai a tsakiyar wa'adin majalisa, sai aka shirya mata zaɓe na musamman ranar 27 ga Yuni 1948, kujera uku. Jam'iyyar RDA ta Houphouët, wadda aka kafa a Bamako a 1946, tana da ƙarfi a Bobo-Dioulasso da tsakanin 'yan kasuwa musulmi na garuruwa. Fadar Mogho Naba da cocin Katolika da gwamna Albert Mouragues suka haɗu a kan kada ta ci. Henri Guissou da Mamadou Ouédraogo da Nazi Boni suka tafi Faris, RDA ba ta sami ko ɗaya ba, kuma sai bayan shekara tara, a zaɓen majalisar ƙasa na 1957, Ouezzin Coulibaly ya kafa gwamnati a Wagadugu.